Man da Ƙasa Ke Iya Cinyewa

Mutumin da ya fara yi mini murmushi a ƙasar Indiya shi ne ya cuce ni, kuma har yau in na tuna shi dariya nake yi, don ban taɓa ganin ɗan damfara mai ladabinsa ba.

A tashar jirgin ƙasa ta Chennai ne, da hantsi. Ina tsaye da jakata ina kallon allunan da aka rubuta da haruffa masu lanƙwasa kamar an zubar da dafaffiyar taliya. Sai ga shi cikin farar riga a goge, da biro a aljihu. Ya gaishe ni da Turanci, ya tambayi inda za ni, na ce Koyambatur. Ya nuna mini dogon layin masu yankan tikiti, ya ce wannan wahala ba ta baƙo ba ce, shi zai karɓo mini ta ƙofar baya, har da kujera kusa da taga. Na ba shi kuɗin, ya tafi ya dawo da takarda, ya raka ni bakin jirgi, ya ɗora mini jaka da hannunsa, ya yi mini fatan sauka lafiya. Sai da muka bar gari mai duba tikiti ya zo, ya juya takardar gaba da baya, ya fahimtar da ni cewa ta jiya ce, wani ya riga ya yi tafiyarsa da ita.

Sunana Bashiru. A Kebbe aka haife ni, amma a Tambuwal na tashi, a shagon Kawu Ummaru, ƙanin mahaifiyata, mai injin sassaƙar ƙarfe. Injin yana juya sandar ƙarfe, wani ɗan haƙori mai tauri yana fere ta har ta kai kaurin da ake so. Mu ke yi wa masu injin niƙa da masu ban-ruwa a fadama sassan da suka cinye. Inda haƙorin ke cin ƙarfe zafi ke tashi sosai, dole a riƙa zuba mai, in ba haka ba haƙorin ya ƙone, aikin ya fito da kaushi. Mu baƙin mai muke zubawa, wanda makanikai suka juye daga motoci. Yana hayaƙi, yana sa Kawu tari, kuma abin da ya tsiyaya yana bin kwata ya taru a bayan shago, wurin da ko ciyawa ta daina fita. Da rijiyar maƙwabtanmu ta fara ɗanɗanon mai, suka kai ƙara wurin mai unguwa. Shi kuwa ya ce ko dai mu sake hali, ko mu kwashe shagon zuwa bayan gari, inda babu wuta babu masu kawo aiki.

Ana cikin haka wani tsohon malamina na kwalejin fasaha ya ba ni labarin wata cibiya a kudancin Indiya da ke koya wa masu ƙananan shaguna irin namu aiki da man tsirrai, ya kuma tsaya mini har aka ɗauke ni. Da na gaya wa Kawu, sai ya goge hannu da tsumma ya ce, "Man tuyar ƙosai za ka zuba ma inji? To tafi ka gano muna. In ka komo sai mu ci shi da yaji."

Mai duba tikitin nan bai yi mini faɗa ba. Ya kaɗa kai gefe da gefe, kaɗawar da na kasa gane ko yarda ce ko ƙi, ya kai ni taragon da ba a raba kujeru, inda kowa ke zama yadda ya samu. Na zauna kan jakata kusa da ƙofa, tsakanin buhun albasa da wani mutum mai barci a tsaye. Raina ya ɓaci, ga yunwa, ga kunyar an mai da ni baƙauye tun ban kwana ba. Wata tsohuwa da ke zaune a gabana ta daɗe tana kallona, can ta buɗe jerin kwanonin ƙarfe, ta shimfiɗa ganyen ayaba a cinyata, ta zuba shinkafa da aka dama da nono, ta ɗora wani jan abu a gefe, ta miƙo mini. Na ce na gode, na ƙoshi. Ta tura ganyen har ƙirjina. Na ci. Jan abin nan kuwa ɗanyen mangwaro ne da aka jiƙa da barkono da gishiri, ni kuma na kai shi baki gaba ɗaya. Hawaye suka zubo mini, rabin tarago ya kwashe da dariya, har da mai barcin. Daga nan aka saba. Da azahar ta yi na nuna musu da hannu ina son yin sallah, suka tattara ƙafafu da kaya suka buɗe mini wuri daidai goshina.

Na isa Koyambatur da yamma na tarar da ƙofar cibiyar a garƙame. Mai gadi ya yi ta bayani da harshensu na Tamil, da ƙyar na tsinci cewa bikin girbi ake yi, kowa ya tafi ƙauyensu, ɗakunan kwanan ma a rufe suke sai an dawo. Na tsaya bakin titi da jaka, kekuna masu ƙafa uku suna ta wuce ni, ban san kowa ba a duk faɗin garin. Abin da ya zo mini shi ne in nemi masallaci. Na hangi wani dattijo da farar hula yana sauri, na bi bayansa lungu lungu, kuma kamar yadda na zata, masallaci ya nufa. Bayan magariba na yi masa sallama. Sunansa Basha, tela ne. Turancinsa bai fi nawa Tamil ba, amma da ɗan Larabcin da muka haɗa na makarantar allo da nunin hannu, ya gane baƙo ne ba shi da masauki. Ya ɗauki jakata ya kai ni wani ɗaki a saman shagonsa, inda yake ajiye yadudduka. Na shiga da niyyar kwana kaɗan, ban fita ba sai ranar da zan dawo gida.

Zafin garin bai dame ni ba, har mamaki suke yi in sun gan ni ina tafiya cikin rana ba laima. Abin da ya dame ni shinkafa ce. Da safe wainar shinkafa, da rana shinkafa, da dare fankasun shinkafa. Sai kuma rashin gaisuwa. A Tambuwal kafin ka kai shago daga gida an tambaye ka gajiya da iyali da sanyi da kasuwa, kai ma ka tambaya. A nan kowa ya kaɗa kai ya wuce. Bakina ya yi ta ƙaiƙayin Hausa, har na koma gaida kyanwar Basha kowace safiya, in tambaye ta kwanan gida, in amsa mata.

Da aka buɗe cibiya aka haɗa ni da mutum biyu. Dakta Rewati ita ce mai koyar da haɗa mai, 'yar gajeriyar mace mai saurin magana, kullum da farin fure a gashinta. Murugan kuma shi ne babban mai kula da injuna, dattijo mai furfurar gashin baki, wanda ba ya jin Turanci sai sunayen kayan aiki. Ranar farko Dakta ta jera mini kwalabe a tebur: man kwakwa, man riɗi, man gyaɗa, man zurma, da wani mai duhu mai warin tafarnuwa. Na shinshina shi na ce ai wannan dogon yaro ne, mu da shi muke shan inuwa, 'ya'yansa kuwa sharewa muke yi mu zubar. Ta ce su a nan matse su ake yi. Ta yi mini bayani cewa man tsiro ya fi baƙin mai manne wa ƙarfe, ya fi shi santsi, hayaƙinsa ba ya cutar ƙirji kamar wancan, kuma in ya zuba a ƙasa ƙananan halittun da ke cikinta suna cinye shi. Amma yana da halinsa. Yana tsami, yana yin danƙo, kuma ba ya yarda ya haɗu da ruwa sai an sa masa wani sinadari, alhali ruwan ne ke kwashe zafi.

Da aka ce kowa ya zaɓi man da zai fara gwaji da shi, na zaɓi na gyaɗa, don shi na sani. Dakta ta ce ita ba ta son a ɗebo daga tukunyar miya a ba inji, amma in gwada in gani. Na haɗa, muka kunna inji, ya yi yanka mai kyau, ɗakin duk ya ɗauki ƙamshin ƙuli-ƙuli. Ma'aikata suka riƙa leƙowa suna shafa ciki. Na koma masauki ina jin kaina, har na yi wa kyanwa albishir. Muka tafi hutun ƙarshen mako na bar haɗin a tankin inji. Da muka dawo tun daga ƙofa wari ya tare mu. Haɗin ya ruɓe, tururuwa sun yi layi daga taga har cikin tanki, bututun da ke kai mai bakin haƙori ya toshe da danƙo. Yini guda ni da Murugan muna kwancewa muna wankewa. Shi waƙa kawai yake yi, in ya ɗago ya ga fuskata sai ya ƙara murya.

A makon ne kuma cikina ya ɓaci, na kwanta. Matar Basha ta yi ta aiko mini da romo mai barkono, na warke, amma na kasa kallon shinkafa. Na rame har wandona ya fara zamewa. Wata rana da tsakar rana Murugan ya kashe inji, ya nuna mini bayan babur ɗinsa. Ya kai ni bakin wata hanya, gindin itace, inda wata mata ke zaune da manyan tukwanen ƙasa. Ta sa hannu ta ɗauko dunƙule mai ruwan toka, ta jefa a kwano, ta zuba tsinkakken nono, ta dama. Na tsaya ina kallo, ban yarda da idona ba sai da na kurɓa. Gero ne. Fura ce, sai dai su gishiri suke sa mata da yankakkiyar albasa maimakon sukari. Na shanye na miƙa kwano aka ƙara. Na yi ta gaya wa Murugan da Hausa cewa wannan abincinmu ne, a Kebbe da shi muke buɗe rana, har gonar gero gare mu. Yana ta kaɗa kai yana dariya. Tun daga ranar kusan kullum sai mun je, kuma matar ta koyi ajiye mini nawa ba albasa.

Na koma kan man dogon yaro, don ɗacinsa yana hana shi saurin ruɓewa, tururuwa ma ba sa kusantarsa. Haɗin ya yi kyau, amma farin cikina bai daɗe ba. Sinadarin da ke haɗa man da ruwa daga wata babbar masana'anta ake kawo shi cikin shuɗiyar jarka, ga wani na hana tsatsa, ga wani na hana kumfa. Na dubi jarkokin na tuna kasuwar Tambuwal. Ko a Sakkwato ban san inda zan same su ba. A daidai lokacin Kawu ya kira ni ya ce mai unguwa ya sake zuwa, ya ce haƙurinsa iyakarsa dawowata. Ya faɗe shi cikin wasa, amma na ji tarinsa ta waya, na kuma san shagon nan shi ke ciyar da gidaje uku.

Washegari na sami Dakta na gaya mata gaskiya, cewa ina koyon abin da ba zan iya kai wa gida ba. Ta ajiye abin da take yi. Ta tambaye ni ko mutanenmu suna yin sabulu da kansu. Na ce Innata ma tana yi, da toka da mai. Ta ce ai sinadarin jarkar nan ɗan'uwan sabulu ne, aikinsu ɗaya, riƙe mai da hannu ɗaya, ruwa da ɗayan. Ba zai kai na masana'anta ba, amma ga injin da ba ya gudu sosai irin namu, yana iya wadatarwa. Ta ce in kira Inna yanzu.

Sai da aka kai wa Inna waya bakin hanya, inda sabis ya fi kamawa. Da ta ji abin da nake tambaya ta yi dariya har na ji muryoyin mata suna tambayarta lafiya.

"Kai da kat tafi Indiya biɗar ilimi, sabulu aka koya maka? Da ka zamna nan Kebbe, ai da na koya ma ba ko jirgi."

Duk da haka ta faɗa mini dalla-dalla: yadda ake ƙona karan gero, a tace tokar, a dafa ruwan da mai har ya yi kauri, da yadda ake gane ya isa. Ina fassarawa, Dakta tana mai da shi ma'auni, tana tambayar abin da Inna ba ta taɓa aunawa ba, Inna tana cewa ido ke gani. Karan gero ya yi mana nisa a cikin birni, muka yi da ɓawon kwakwa. Haɗin farko ya rabu kafin mu wanke hannu, mai a sama ruwa a ƙasa. Na biyu ya yi kumfa har ya malalo daga tanki, Murugan ya yi kamar zai yi wanka a ciki. Wani ya yi ƙarfi ya ci mini fatar yatsu. Muka yi ta ragewa muna ƙarawa, makonni suna wucewa, har wata safiya na tarar da kwalbar da na bari jiya tana nan fari sol kamar madara, ba ta rabu ba.

Muka zuba a inji, Murugan ya ɗaura sandar ƙarfe ya ce ni zan yanka. Haƙori ya kama, farin ruwan yana zuba a kansa, babu hayaƙi sai ɗan tururi. Sassaƙen ya riƙa fitowa dogo a murɗe yana ƙyalli, bai yi shuɗin ƙuna ba. Da na tsayar, Murugan ya bi sandar da farcensa daga farko har ƙarshe, ya kalle ni, ya ɗauki sassaƙe guda ya saka mini a aljihun riga. Dakta ta gargaɗe ni kada in yi zumuɗi. Haɗin ba na yanka mai nauyi ba ne, kuma dole a riƙa haɗa kaɗan kaɗan, a sauya shi kafin ya tsufa, a shafe inji da yamma don tsatsa.

Akwai tukwane biyu cike da ƙasa da Dakta ta sa na ajiye a bayan ɗakin gwaji tun farkon zuwana. Ɗaya na zuba mata baƙin mai, ɗaya man dogon yaro, aka bar su suna shan ruwa da rana, daga baya na shuka wake a kowace. Kafin in taho, ta dogon yaro ta fitar da wake har ya fara neman abin hawa. Ɗayar tana nan baƙa, a daskare. Na ɗauki hotonsu don mai unguwa.

Ranar tafiya Basha ya ba ni riga da ya ɗinka mini a ɓoye, irin tasu, ya auna ni da ido. Hannun ya ɗan gaza, amma da ita na sauka Tambuwal.

Aikin gida bai zo da sauƙi ba. Da damina ta kawo jiki 'ya'yan dogon yaro suka fara zuba, Inna ta tara matan unguwarsu a Kebbe suna tsincewa suna shanyawa, ni kuma ina jigila a babur kan hanyar nan da ke kwance wa mutum ƙugu. Mai injin matsar gyaɗa ya ƙi karɓar mana, ya ce ɗacin zai lalata masa kasuwa, kuma da gaskiyarsa. Kawu ya yi kwanaki yana zane da alli a ƙasa, ya ƙera mana ƙaramin abin matsa na hannu da tsohon jak ɗin mota. Muka haƙe baƙar ƙasar bayan shago muka kwashe, muka zuba sabuwa, muka taya maƙwabta yashe rijiya. Mai unguwa ya zo ya ga hoton tukwane, ya leƙa tanki, ya toshe hanci ya ce warin tafarnuwa ne amma ba ya hawa kai. Ya ce mu zauna, zai riƙa leƙowa. Yana leƙowar kuwa, yawanci lokacin shayi.

Kawu bai taɓa cewa abin ya yi ba. Na dai lura ya daina aika a karɓo masa baƙin mai, kuma in wani mai shago ya zo tambaya, shi ke yin bayanin kamar shi ya je.

Wata ranar kasuwa da safe Murugan ya kira ni ta wayar da ake ganin juna, yana tsaye gaban injinsa. Na juya masa wayar ya ga namu yana aiki. Kawu ya matso yana tambayar wane ne, na ce maigidana ne na can. Ya karɓi wayar, ya yi sallama da Hausa, ya tambayi gajiya da iyali. Murugan ya amsa da Tamil. Kawu ya ɗauki sassaƙe daga ƙasa ya nuna masa, shi ma ya ɗauko nasa. Daga nan Kawu ya kwance haƙorin inji ya kai shi daf da wayar, Murugan ya sa tabarau, ya yi magana mai tsawo yana karkata tafin hannu. Kawu ya ce a'a, ya yi nasa bayanin, ya zana wani abu a iska. Na miƙa hannu zan taimaka da ɗan abin da nake ji, ya ture ni da gwiwar hannu. Masu kawo aiki suka taru a ƙofa suna kallon dattawa biyu suna musu, kowa da harshensa, babu mai jiran fassara.

Da suka gama ya miƙo mini waya. Na ce, "Kawu, me kuka tattauna haka?"

"Ya ce haƙorin ga nau ya cika tsini, shi as sa shika saurin dakushewa," in ji shi. Ya juya haƙorin a hannunsa yana dubawa. "Kuma shina da gaskiya."

Ya wuce wurin dutsen washi ya kunna shi.